Tayil ɗin da muka yi wa lissafin wata uku ya ci kusan wata biyar tsakanin Foshan da Kano

Duk wanda ya buɗe taswira zai ga cewa jirgin da ya taso daga kudancin Chaina zai zo Legas ba shi da abin yi a Bahar Maliya. Hanyarsa ita ce ya biyo ta Singafo, ya ratsa tekun Indiya, ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu, sannan ya hauro ta gaɓar yamma. Da wannan lissafin na shiga odar tayil a watan Maris na 2024, wata huɗu bayan 'yan Huthi na Yaman sun fara kai wa jiragen kasuwanci hari a Bahar Maliya, wata uku kuma bayan manyan kamfanonin jirage irin su Maersk da MSC da Hapag-Lloyd sun ƙaurace wa mashigin Suwez. Na ɗauka damuwar masu kai kaya Turai ce. Ashe ruwan da ya daki Bature shi zai jiƙa mai gini a Kano. Ina rubuta wannan ne dalla-dalla domin ɗan kwangila ko ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa da zai shigo da kayan gini ya san inda kwanaki ke zubewa da inda kuɗi ke ƙaruwa, tun kafin ya yi wa mai aiki alƙawarin ranar miƙa makulli.

Aikin gidaje ne da suka kai matakin filasta, kuma abin da ake buƙata tayil ne na ƙasa mai 60 da 60, da ƙofofin ƙarfe, da kayan banɗaki. Tayil kaya ne mai nauyi, don haka ba a zuba shi a babbar kwantena mai ƙafa 40, nauyi zai cika tun ba a kai rabinta ba. A mai ƙafa 20 ake loda shi. Katan ɗaya ƙwaya huɗu ne, yana rufe sikwaya mita 1.44, nauyinsa wajen kilo 30. Katan 900 ke nan ke shiga kwantena ɗaya, tan 27, sikwaya mita 1,296. Na yi odar kwantena biyu na tayil, ƙofofi da kayan banɗaki kuma aka ware musu babba ɗaya mai ƙafa 40, domin su wuri suke ci ba nauyi ba. Ka riƙe maganar nauyin nan, domin ita ce ta zame mana ƙarfen ƙafa daga baya.

Matakin farko banki ne, wajen buɗe Form M, wato fom ɗin izinin shigo da kaya. Ba a loda kaya zuwa Najeriya sai da shi, kuma wanda ya bari aka loda kafin a amince da fom ɗinsa ya jawo wa kansa wahala a tasha. Abin da aka nema a hannuna shi ne rajistar kamfani da lambar haraji ta TIN wadda aka riga aka haɗa da shafin kwastan, da takardar farashi ta farko daga masana'anta, da takardar inshorar kaya daga kamfanin inshora na cikin gida wadda ake yi a kan kashi 110 na darajar kaya da kuɗin jirgi, sai kuma takardar ingancin kaya ta tsarin SONCAP, wadda masana'anta ke samowa a can bayan an gwada samfurin tayil ɗin. Dole takardar farashi ta raba kuɗin kaya daban, kuɗin jirgi daban, ta kuma nuna lambar kaya ta HS ga kowane nau'i. Tayil da lambarsa, ƙofa da tata, masai da tasa. A da, tun daga 2015, tayil da kwanon rufi da rodi suna cikin jerin kayan da Babban Banki ya hana a ba su dala a kasuwar hukuma, sai a watan Oktoba na 2023 aka janye wannan hani. Duk da haka na zaɓi fom ɗin da mai kaya ke nemo dalarsa da kansa, saboda a lokacin jiran dalar banki ba shi da ranar ƙarewa. Cikin azumi muke, ofisoshi na tashi da wuri, fom ɗin ya ɗauki kwana shida na aiki kafin ya fito. A takardar farashin, kuɗin jirgi dala 2,300 aka rubuta a kan kowace ƙaramar kwantena. Ban tambayi ranar da wannan farashi zai mutu ba, kuma wannan tambaya ce da bai kamata kowa ya tsallake ta ba, domin farashin jirgi na mako biyu ne ko wata guda, ba ya jiran masana'anta ta gama aiki.

A ƙarshen Maris na tura kafin alƙalami, kashi 30 cikin ɗari, sauran 70 sai an ga kwafin takardar lodi. Masana'antar a Foshan take, a lardin Guangdong, garin da ya yi suna da tayil da kayan banɗaki. Sun ce kwana 30, kuma sun cika. Daga nan ne kwanaki suka fara sulalewa. Hutun ma'aikata na farkon Mayu ya ci kwana biyar, mai duba kaya na SONCAP bai samu zuwa ba sai bayan hutun. Shi ne ke ƙirga katan, ya duba tambari da lambar rukuni, ya ɗauki hoto, sannan daga baya a fitar da takardar da ta shafi wannan lodin kaɗai. Na roƙi a turo mini hoton gefen katan, inda ake buga lambar launi da lambar girma. Tayil iri ɗaya idan an gasa shi a rana daban launinsa kan ɗan bambanta, girmansa ma kan saɓa da milimita ɗaya ko biyu. Duk katan 1,800 lamba ɗaya suke ɗauke da ita, hankalina ya kwanta.

A mako na biyu na Mayu wakilin da ke nema mana gurbi a jirgi ya aiko da saƙo cewa babu kwantena mai ƙafa 20 da ba kowa a cikinta a ma'ajiyar da ke kusa da masana'anta. Bayan kwana huɗu aka samu kwantena, sai aka ce babu gurbi a jirgin wannan makon. Aka ba mu na mako mai zuwa, aka loda, aka auna nauyi, kaya suka isa tashar Nansha kafin a rufe karɓa, jirgi kuma ya tashi ya bar su a ƙasa. Masu sana'ar suna ce wa wannan rolin, wato an mirgina kayanka zuwa jirgin gaba. Sau biyu aka yi mana haka. A nan ne na zauna na nemi sanin dalili, kuma dalilin ba shi da wuyar ganewa. Jirgin da ke kai kaya Turai ta Suwez, da ya koma zagayawa ta Afirka ta Kudu, tafiyarsa ta ƙaru da kwana 10 zuwa 14 a zuwa, haka a dawowa. Idan kamfani yana son ya ci gaba da tashin jirgi duk mako, sai ya ƙara jirage biyu ko uku a kan wannan layi, kuma ba daga sama zai samo su ba, daga layukan da ba su kai na Turai kawo kuɗi ba zai janyo. Kwantenonin su ma sun daɗe a kan ruwa ba su dawo Chaina an sake cika su ba. Ga shi kuma 'yan kasuwar Turai da Amurka sun tsorata, sun fara odar kayan ƙarshen shekara tun watan Mayu. Gurbi ya yi kaɗan, masu nema sun yi yawa. A irin wannan hali kamfanin jirgi yana duba nauyi. Jirgi na da iyakar tan da zai ɗauka, kwantenar tayil ɗaya mai tan 27 tana cin nauyin kwantena biyu ko uku na takalma ko kayan roba, alhali kuɗin da za ta biya ɗaya ne. Mai kaya mai nauyi shi ake fara sauke wa. Shi ya sa kayan gini, tayil da marmara da ƙarfe da gilas, su ne suka fi shan wuya duk sanda jirage suka yi ƙaranci.

Da aka zo ba mu gurbi na uku, farashi ya riga ya canja. Wakilin ya lissafo ƙarin farashi na gaba ɗaya, da ƙarin lokacin cunkoso, da ƙarin nauyi a kan kwantenar da ta wuce ƙa'ida, jimilla ta tsaya a dala 5,000 kowace ƙarama. Ga yadda abin yake a aljihu. Tayil ɗin na saye shi dala huɗu da rabi sikwaya mita, kayan cikin kwantena ɗaya ke nan dala 5,832. Kuɗin ɗauko shi ya kusa kamo kuɗin sayensa. A lissafin farko jirgi na cin dala 1.77 a kan kowace sikwaya mita, yanzu ya koma 3.86. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne kuɗin fito ba a kan farashin kaya kaɗai ake lissafa shi ba, a kan kaya ne da jirgi da inshora a haɗe. Ƙarin dala 2,700 na jirgi sai ya haifi ƙarin fito, fito ya haifi ƙarin kashi 7 da ake ɗora masa a lokacin, dukkansu kuma su shiga cikin abin da za a cire wa harajin VAT na kashi 7.5. Na yi kwana biyu ina juya maganar, ko in jira farashi ya sauko. Amma masana'anta ta fara maganar kuɗin ajiya, tasha ma haka, kuma ba wanda ya san ranar saukowar. Na amince. Na kuma nemi a rubuta mini kwana 14 na kyauta a kan kwantena bayan ta sauka Legas, aka rubuta a jikin takardar gurbi. Wannan ita ce buƙatar da ta fi yi mini amfani a duk tafiyar, kuma lokacin nemanta kafin lodi ne, bayan jirgi ya tashi ba mai sauraronka.

Babbar kwantenar ba ta samu shiga jirgi ɗaya da tayil ba, aka ce sai bayan mako uku. Raba lodi yana da nasa nauyi. Form M ɗaya zai iya ɗaukar lodi biyu, amma kowane lodi da takardar lodinsa, da takardar SONCAP tasa, da PAAR ɗinsa, wato rahoton ƙiyasin fito na kwastan, da kuɗin ejan mai fito da shi daga tasha. Na yarda aka raba saboda tayil shi ke riƙe da aiki, ƙofa da masai sai an gama ƙasa ake neman su. Sannan tun da kuɗin jirgi ya wuce abin da ke cikin fom, sai da na koma banki aka yi gyara, aka kuma ƙara kuɗin inshora ya dace da sabuwar darajar kaya. Kwana biyar hakan ya ci, amma kwanaki ne da jirgi ke kan ruwa, ba su yi mana asara ba. Wanda ya bari sai kaya sun sauka sannan ya je gyaran, kowace rana da kuɗinta.

A makon farko na Yuni tayil ya hau jirgi. Ka sani ranar isowa da ake rubuta maka hasashe ne, tana sauyawa kusan duk sanda ka buɗe shafin bin sawun kaya. Namu an sauke shi a Singafo don ya canja jirgi, a daidai lokacin da tashar ta cushe, jirage na kwana da kwanaki a waje suna jiran wurin tsayawa, saboda jadawalin kowa ya rikice suna isowa a tare. Jirgin da zai ɗauke shi ya wuce kafin a sauke namu, sai jiran na gaba. Muka yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni kaya na zaune a Singafo. Da suka tashi kuma sai suka iske hunturun Afirka ta Kudu. A farkon Yuli guguwa ta tsayar da jirage a wannan zagayen na kwanaki, har wani babban jirgi ya zubar da kwantena 44 a teku. Ranar da na ji labarin sai da na ɗauko takardar inshora na sake karanta ta layi-layi, kuma ina ba kowa shawara ya karanta tasa tun ranar da aka ba shi. Akwai inshora mai arha da ake yi don kawai fom ya wuce, wadda ba ta biyan fashewa ko jiƙewa sai babban haɗari irin nutsewa ko gobara. Ga tayil da kayan banɗaki, mai rufe kowane irin haɗari ita ce ta dace, kuma a rubuta cewa tana bin kaya har ma'ajiyar Kano, ba bakin tashar Legas kaɗai ba.

A wajen gini kuwa jiran ya fi ko'ina ciwo. Mai sa tayil da yaransa shida na riga na kama su tun Mayu. Ya zo ya same ni ya ce, "Yallaɓai, yaran nan da iyali, ba zan iya riƙe su da alƙawari ba. Ka sallame mu mu kama wani aikin, in kaya sun zo ka kira." Gaskiya ya faɗa, na sallame su. Muka juya tsarin aiki, aka gabatar da wayarin da silin da fentin farko da shimfiɗar tsakar gida, aka bar ƙasa da siminti tsirara. Ba komai ne ke juyuwa ba. Ba a kafa ƙofar ciki kafin a san tsayin ƙasa bayan tayil, ba a ɗaura masai, ba a sa kabad ɗin kicin. A kasuwa ma kowa na kuka da nasa. Siminti a nan gida ake yin sa, a Obajana da Sakkwato da Ashaka, rodi ma yawanci daga tsohon ƙarfe ake narka shi a cikin ƙasa, su tsadarsu ta dala ce da dizal da kayan gyaran injin. Amma naɗin alminiyon da ake buga kwanon rufi da shi, da garin POP da ke zuwa daga Masar da Turkiyya, da gilas, da makullai, da famfuna, duk ta ruwa suke zuwa. Masu ɗauko kaya daga Bahar Rum su ma ba su tsira ba, domin tashoshin canjin jirgi na Tanja a Maroko da Aljesiras a Sifaniya sun cushe da kayan da a da Suwez ke wucewa da su. Sai ka je shago a ce maka launin da ka fara da shi ya ƙare, sabo na hanya.

Tun jirgi na kan ruwa na biya ragowar kashi 70, masana'anta ta aiko da takardun ƙarshe: takardar lodi, da takardar farashi ta ƙarshe, da jerin abin da ke cikin kowace kwantena, da takardar asalin kaya, da ta SONCAP. Waɗannan banki ke turawa kwastan don a fitar da PAAR, wato rahoton ƙiyasin fito da ake yi kafin kaya su iso. Banki ya dawo mini da su washegari, domin akawun masana'anta ya bar tsohon kuɗin jirgi na 2,300 a takardar ƙarshe, ga fom kuma an gyara shi zuwa 5,000. Harafi ɗaya ko lamba ɗaya idan ta saɓa tsakanin takardun nan, komai tsayawa yake. Kwana uku aka yi ana gyara saboda bambancin awa bakwai da ke tsakaninmu da su, ka aika da rana sun tashi, su amsa da asuba kana barci. Ka zauna da biro ka gwada sunan kamfani, da lambar fom, da lambar kwantena, da lambar hatimi, da yawan katan, da nauyi, a kowace takarda, tun tana matsayin daftari. Na kuma zaɓi a saki kayan ta waya daga can, abin da ake kira teleks, maimakon jiran asalin takardar lodi ta biyo masinja. PAAR ya fito kwana huɗu bayan an sake turawa, jirgi na sauran mako guda.

Kayan sun sauka Legas a makon ƙarshe na Yuli, kwana 50 da ɗoriya bayan lodi, a hanyar da aka saba yi a kwana 35 zuwa 45. Daga ranar saukar agogo biyu ke fara bugawa, kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai damarej, kuɗin da kamfanin jirgi ke karɓa don ka riƙe masa kwantena, shi ne na samu kwana 14 a kansa. Akwai kuma kuɗin ajiya na tasha, don kayanka na zaune a filinta, wanda kwana uku kacal ne kyauta, bayan nan yana hawa mataki-mataki, mako na biyu ya fi na farko tsada. Ejan ya shigar da bayanin kaya, aka fitar da ƙiyasi. Bayan fito da kashi 7 da VAT, a lokacin akwai kashi 1 na duba kaya a kan farashin masana'anta, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS. Duka da dala ake lissafi a mayar naira da canjin kwastan, kuma a shekarar 2024 canjin bai zauna wuri ɗaya ba. A Fabrairu kaɗai ya tashi daga ƙasa da naira 1,000 ya wuce 1,500. A Afrilu naira ta farfaɗo dala ta sauko ƙasa da 1,200, a Mayu ta koma wajen 1,500, ranar da muka biya kuwa ta doshi 1,600. Jinkirin jirgi ke nan ba kwanaki kaɗai yake ci ba, yana kai ka ga canjin da ba da shi ka yi lissafi ba. Bayan biyan fito a banki sai ofishin kamfanin jirgi, a biya kuɗinsu na gida da kuɗin ajiyar kwantena, wato jinginar da ake mayarwa bayan an dawo musu da ita, wanda na mai fita da ita wajen Legas ya fi yawa, su ba da takardar sakin kaya. Sai tasha, a biya kuɗin sauke kaya da na ajiya, a nemi ranar da za a ajiye kwantena a filin bincike.

Na je binciken da kaina, kuma duk mai kaya masu fashewa ya kamata ya je ko ya tura wanda ya san zafin kuɗin. Aka duba lambar hatimi ta dace da takarda, aka yanke shi, ƙofa na buɗewa zafi da warin kwali suka bugo mu. Layin farko na katan ya zame ya jingina da ƙofa, alamar jirgi ya sha girgiza. Lebura suka fara fito da katan suna jerawa a ƙasa, jami'an hukumomi suka buɗe wasu, suka gwada abin da ke ciki da abin da ke takarda. Wurin mayarwa ne ake ɓarna, domin tayil a tsaye ake jera shi a kan gefensa, in aka kwantar da shi aka ɗora wani a kai, na ƙasa tsagewa yake. Na ce wa shugaban leburan, "Malam, don Allah a tsaye, kamar yadda kuka same shi," na kuma tsaya har aka rufe aka sa kwado. An sake mu ba tare da ƙarin fito ba, saboda takardu sun yi daidai da kaya.

Sai ga 1 ga Agusta, ranar da zanga-zangar tsadar rayuwa ta fara a faɗin ƙasa, har aka sa dokar hana fita a Kano. Direbobi suka ce ba mai ɗora kaya ya nufi Arewa sai ƙura ta lafa, kuma ban ga laifinsu ba. Kaya sun gama komai suna zaune, kuɗin ajiya na tafiya, kwanakin kyauta na ƙarewa. A nan zaɓi biyu ne. Ko a fito da kwantena a juye kayan cikin wata motar a Legas a mayar da ita nan take, ko a wuce da ita har Kano a dawo da ita ba kowa. Juyewa na tsayar da damarej, amma katan 1,800 za su sake bi ta hannun lebura, ga damina. Na zaɓi wucewa da kwantena, na biya damarej na kwanakin da suka haura. Mota ba ta shiga tasha sai da izinin layi na Eto, wato tsarin intanet da ke ba motoci layin shiga tasha, da takardar fitar da kaya ta tasha, kuma takardar na da ranar mutuwa, in mota ba ta shiga a kan lokaci ba sai an sabunta an ƙara kuɗi. Kowace kwantena tirela guda ta ɗauka saboda nauyi, kowace tirela sama da naira miliyan biyu. Suka biyo ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, kwana biyar a hanya, direba riƙe da kwafin takardun fito saboda shingayen bincike.

A tsakiyar Agusta aka sauke a Kano. Muka buɗe katan ɗaya-ɗaya a gaban wakilin inshora, muna ware fasassu, domin in ka sallami mota ka kwana biyu sannan ka kira su, magana ta zama musu. Katan 41 ne suka samu matsala cikin 1,800, kashi biyu da ɗan wani abu, yawanci daga layin bakin ƙofa. Na yi odar da rarar kashi 8 a kan awon gini saboda yanka da fashewa, don haka ba mu gaza ba. Wanda ya yi oda daidai wa daida a irin wannan shekara, in ya gaza da katan 30 ba zai samu lambar launinsa a kasuwa ba, sabuwar oda kuma wata huɗu ce. Mai sa tayil yana tsakiyar wani aiki, sai bayan kwana 12 ya dawo, kuɗin aikinsa ma ya ƙaru.

Da zan sake, akwai abubuwan da ba zan yi sakaci da su ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, gurbin jirgi tun masana'anta na tsakiyar aiki ake nemansa, ba sai kaya sun kammala ba, kuma a tambayi ko jirgin kai-tsaye ne ko sai ya canja a wata tasha, domin kowane canji ƙofa ce ta rasa mako guda ko biyu. A rage nauyin kwantena zuwa ƙasa da inda ƙarin nauyi ke farawa idan gurbi ya yi wuya, katan 800 da suka hau jirgi sun fi 900 da ke zaune a Nansha. A yarjejeniya da mai aiki, kada a rubuta ranar gama gini a kan ranar da masana'anta ta faɗa, a ɗaure ta da ranar da kaya suka hau jirgi, a ƙara wata guda, a kuma rubuta wanda zai ɗauki ƙarin kuɗin jirgi da na canji idan sun wuce wani kaso. Ni ban rubuta ba, sai da aka zauna aka yi sulhu muka raba. Kuma kafin a tura ko sisi waje a auna da na gida. Akwai masana'antun tayil a Ogun da Kogi, idan jirgi ya kai dala huɗu a sikwaya mita, ratar da ta sa ake zuwa Foshan ta kusa rufewa, sai dai in ƙirar da ake so babu ita a nan. Mai ƙaramin aiki da bai cika kwantena ba, sayen abin da ke ƙasa a Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei gaba ɗaya a rana ɗaya, lamba ɗaya, ya fi masa kwanciyar hankali. Akwai kuma tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023 da ta Kaduna, wanda ke son a yi masa fito a kusa da gida sai ya sa a rubuta hakan a Form M da takardar lodi tun farko, ba a canja wa kaya tasha bayan sun taso cikin sauƙi.

Babbar kwantenar ta iso Kano a mako na biyu na Satumba. Ita ba ta ba da wahala a tasha ba, don takardunta sun daɗe da kammala tun tana ruwa. Abin da ya rage shi ne kuɗin ajiyar kwantena. Ba a mayar da shi sai an kai takardar da ke nuna ranar da aka karɓi kwantena ba kowa a ma'ajiyar kamfanin, da yanayin da aka karɓe ta. Ka sa direba ya ɗauki hoton ciki da waje kafin ya fita da ita daga tasha da kuma ranar da ya mayar, domin duk lotsawa ko tsagewar katakon ƙasa da ba ka da shaidar ka same ta a haka, daga kuɗinka za a cire. Direban tirela ta biyu ya yi kwana huɗu a layi kafin a karɓi tasa, waɗannan kwanaki ma an lissafa su cikin damarej. Ragowar kuɗin ya shigo asusun kamfani a ƙarshen Oktoba, lokacin ana goge ƙasan gida na ƙarshe.